Hoton tsofaffin na'urorin wasa ya lalace a sabuwar tele: wane gyara ne ya cancanci kuɗi?

ƊanBagalam:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Yayana da aiki ya mayar Yamai ya bar mini PlayStation 2, wato PS2, da Sega Mega Drive ƙira ta biyu, kuma dukansu suna aiki. A shekarun baya da tsohuwar telen gida mai ƙusumbi muke haɗa su, babu wanda ya taɓa kuka da hoton. Watan jiya na sayi shafaffiyar tele mai inci 43, na haɗa su da wayar nan mai kai 3, rawaya da fara da ja, sai hoton ya fito kamar an shafa wa gilashin man shanu. Rubutu ba ya karantuwa, launuka suna malala cikin juna, ƴan ƙwallon PES kuma sun yi faɗi kamar an danne su. Na sayi ƙaramin akwatin da ke juya wayar rawaya zuwa HDMI a kan jika 5, amma ban ga bambanci ba, har ma ina jin idan na danna manet sai an ɗan jinkirta kafin abin ya motsa. Shin laifin telen ne, ko na wayar, ko kuwa na'urorin ne suka tsufa? Ina so in san gyaran da ya cancanci kuɗi da wanda asara ce zalla.

MaiGyaranTele:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na'urorinka lafiyarsu lau, telen ma ba ta da cuta. Wayar rawaya tana ɗauke da haske da launi da siginar daidaita hoto duk a cikin sili guda, sai tele ta sake rarrabe su, kuma a wajen rarrabewar ne launi yake malala cikin rubutu. Tsohuwar tele ƙarama ce, hotonta kuma yana da taushi, shi ya sa take rufa wa wannan aibi asiri, amma gilashi mai inci 43 yana faɗaɗa aibin tare da hoton. Akwatin da ka saya ba zai iya tsabtace abin da ya shige shi da datti ba.

Kafin ka sake kashe ko dala, je ka juya tsohuwar telen ka duba bayanta. Idan tana cikin waɗanda aka shigo da su daga Faransa, za ka ga rami mai faɗi mai ƙofofi 21, wanda muke kira peritel, wasu ƙasashe kuma suna ce masa SCART. A 1980 aka wajabta sanya shi a telen da ake sayarwa a Faransa a wancan zamani, shi ya sa ya yawaita a tsofaffin kayan da suka zo mana ta Kwatano. Ta wannan rami, ja da kore da shuɗi kowanne yana tafiya a wayarsa, abin da ake kira RGB. Mega Drive da PS2 duk suna fitar da RGB ba tare da an buɗe cikinsu ba, waya kawai ake canzawa. Ka lura cewa taka ƙira ta biyu ce, mai ƙaramin rami na ƙafa 9, don haka wayar ƙira ta farko mai ƙafa 8 ba za ta shiga ba.

ƊanBagalam:
Na gode, Baba. Telen tana ɗakin ajiya a gidan mahaifiyarmu, na kira ƙanwata ta duba, ta ce akwai irin wannan ramin har guda 2. Da na san da amfaninsa da ban bari ta yi shekara ƙarƙashin buhunan gero ba.

MalaminLissafi:
Ina so in ƙara gargaɗi a kan abin da Baba mai gyara ya faɗa, domin ni na faɗa wannan rami. Ba kowane kan peritel ne yake ɗauke da RGB ba. Akwai ɗan ƙaramin kai baƙi da ake sayarwa, mai ramuka 3 a bayansa na rawaya da fari da ja, wanda mutum zai soka a peritel ya ɗauka ya yi gyara, alhali siginar wayar rawaya ce dai ta canza ƙofar shiga. Wayar gaskiya ita ce wadda ta fito kai tsaye daga na'urar zuwa peritel, kuma dole ta kai ɗan wuta ga ƙafa ta 16, domin da shi ne tele take gane cewa RGB ake aiko mata. Sannan a yawancin telen da ke da rami 2, na farko ne kaɗai, wato AV1, yake karɓar RGB. Na yi mako guda ina zagin waya ashe a rami na biyu na soka ta.

InjiniyaƊanGulbi:
Da girmamawa ga Baba, amma mai tambaya ya riga ya sayi sabuwar tele da kuɗinsa, kuma bai ce yana son komawa ga mai ƙusumbi ba. Ya kamata a faɗa masa abin da zai yi da wadda ke falonsa. Abu biyu na farko kyauta ne. Ya shiga saitin telen ya mayar da faɗin hoto daga 16:9 zuwa 4:3, domin a kan wannan ma'auni aka zana yawancin waɗannan wasanni, kuma nan take ƴan ƙwallonsa za su koma siffar mutane. Sannan ya nemi yanayin wasa a cikin saitin hoto ya kunna shi, ya kashe duk wani ƙarin kaifi da santsin motsi, saboda kowane ɗaya daga cikinsu yana riƙe hoto na ɗan lokaci kafin ya nuna shi.

Game da PS2, idan telen tana da ramuka 5 a baya, kore da shuɗi da ja na hoto, da fari da ja na sauti, to wayar komponan ita ce gyara mafi araha da aka sani. A shiga saitin PS2 ba tare da faifai ba, a mayar da fitar hoto daga RGB zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. Yawancin wasannin PS2 suna fita ne da hoto mai tsallaken layi, wato 480i ko 576i, amma wasu suna ba da cikakken 480p idan aka danne X da alamar kusurwa uku lokacin da wasan yake tashi.

Matsalar Mega Drive daban ce. Ita 240p take fitarwa, hoto cikakke mai layi kusan 240 sau 60 a daƙiƙa, amma sababbin tele da akwatunan araha suna ɗaukarsa a matsayin 480i, su yi ta ƙoƙarin haɗa rabi da rabi na abin da ba a raba ba. Daga nan ne dusashewa da jinkirin da ya ji suke fitowa.

ƊanZariyaBiyu:
Injiniya ya manta abu guda. Idan ya sa faifan PlayStation ta farko a cikin PS2 ta wayar komponan, mafi yawan wasannin 240p za su fito, kuma akwai sababbin tele da yawa da ba sa karɓar 240p ta wannan ƙofa, sai su nuna baƙin allo su ce babu sigina. Tawa haka take yi, ina jin sauti amma ba hoto.

InjiniyaƊanGulbi:
Gaskiyarka, ɗan uwa, na karɓi gyara. Haka kuma ƙananan kawunan HDMI da ake sokawa a bayan PS2 siginar komponan suke juyawa, don haka su ma sukan gaji wannan matsala.

MaiGidanGem:
Ni magana zan yi ta mai sana'a, domin ina da PS2 guda 4 a shagona kusa da tasha, yara suna biya suna buga ƙwallo. A shekarun da na yi ina wannan aiki, babu yaron da ya taɓa ce mini launi ya malala, amma da zarar an samu jinkiri tsakanin danna manet da bugun ƙwallo, rigima ta tashi ke nan, wanda aka ci zai ce manet ɗinsa ce ba ta aiki. Na taɓa ɗauke masu ƙusumbi guda 2 na sa shafaffu don shagon ya yi kyan gani, sai na lura manyan ƴan wasan suna layi a kan tsofaffin biyun da suka rage, sababbin kuma sai ƙanana da baƙi. Bayan wata guda na mayar da tsofaffin. Sai dai ba zan ɓoye wahalarsu ba. Suna da nauyi, suna ƙara zafi a ɗaki a watan Afrilu, kuma lokacin kunnawa suna fizgar wuta da ƙarfi, har ƙaramar inbata ta sola takan yanke. Wanda ya dogara da batir da daddare ya yi wannan lissafin tukuna.

FatakenKano:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma akwai hanya ta uku da ba a taɓo ba, wato akwatunan faɗaɗa hoto da aka ƙera musamman don tsofaffin wasanni. OSSC, wanda wani injiniya ɗan Finlan ya tsara, yana ninka layukan hoto ɗaya bayan ɗaya maimakon ya jira hoto ya cika, shi ya sa jinkirinsa bai kai a ji ba. Yana karɓar peritel da komponan da VGA ta kwamfuta, amma ba ya karɓar wayar rawaya ko S-Video, wadda ke raba haske da launi. RetroTINK 5X Pro da ya fito a 2021 yana karɓar dukansu ban da VGA, yana kuma gyara hoton PS2 mai tsallaken layi fiye da OSSC, wanda ke sa shi rawa kaɗan. Babbansu RetroTINK 4K ya fito a 2023 a kan dala 750, kuma dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sayen alewa ba. Na ga 5X yana aiki a wurin wani abokin kasuwanci, kuma ban taɓa ganin wasan Sonic da irin wannan tsabta ba.

MalaminLissafi:
Alhaji, wannan shawara ta masu hali ce. Mutumin da ke jin zafin jika 5 da ya yi asara, ba za a ce masa ya sayi akwatin da ya fi telen da na'urorin biyu tsada a haɗe ba, ga kuɗin jigila, ga na duwan, kuma idan ya lalace babu mai gyara shi daga nan har Damagaram.

FatakenKano:
Ban ce ya saya ba, Malam, na ce ya san akwai. Kuma akwai na talaka a cikinsu. Ana sayen allon GBS-8200, wanda asali na injinan wasan kasuwa ne, a liƙa masa ɗan guntun ESP8266, a zuba masa manhajar GBS-Control wadda kyauta ce, sai ya koma akwatin da ke gane 240p daidai. Aikin yana buƙatar mai hannu a liƙin dalma, kuma VGA yake fitarwa, don haka sai an ƙara ɗan kai mai juyawa zuwa HDMI. Baba mai gyara zai iya haɗa shi cikin yini guda.

UwarTagwaye:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tambayar tunda ta shafi wannan. Ina da irin ƙaramar na'urar nan mai kaset rawaya da muka yi wasa da ita muna yara, mai bindigar harbin agwagi. Na fito da ita don tagwayena, wasannin suna tashi a sabuwar tele, amma bindigar ko sau ɗaya ba ta taɓa samun agwagwa ba. Shin ta mutu ne, ko akwai waya da za ta gyara ta?

MaiGyaranTele:
Hajiya, mai yiwuwa bindigarki lafiya lau take. Idan aka ja kunamar, wasan yana baƙanta allo na ƙiftawar ido, sannan ya sa farin murabba'i a wurin agwagwar, idon da ke bakin bindigar kuma ya duba ko ya ga farin a daidai wannan lokaci. Shafaffiyar tele tana nuna hoton a makare, saboda haka lokacin da farin zai bayyana wasan ya riga ya rubuta kuskure. Babu wayar da ke gyara wannan, har akwatunan da Alhaji ya lissafa. Sai mai ƙusumbi. Kuma kada ki kashe kuɗi neman RGB a kanta, domin ita kwaikwayon Famicom ce ta Nintendo da ta fito a Japan a 1983, wadda guntun hotonta ba ya samar da RGB ko kaɗan, wayar rawaya ce iyakarta sai an yi mata babban aiki a ciki.

TsohonƊanSega:
Na daɗe ina karanta ku, kuma ina da saɓani da wannan tseren neman tsabtar hoto. Waɗanda suka zana wasannin Mega Drive sun san cewa na'urar launi kusan 61 take iya nunawa a lokaci guda, sun kuma san yawancin mutane da eriya ko wayar rawaya za su haɗa ta. Saboda haka sukan jera ɗigo-ɗigo ko siraran layuka na launi biyu kusa da juna, da sanin cewa dusashewar wayar za ta cakuɗa su su zama launi na uku ko su yi kamar ana gani ta cikinsu. Duba ruwan da ke zubowa a matakin farko na Sonic. Ta wayar rawaya a tsohuwar tele ruwa ne garai-garai, ta RGB a shafaffiya kuma sai ka ga sanduna a tsaye kamar shingen kara. Ba kowane kaifi ne gyara ba, wani tona asirin mai zane ne. Ni Mega Drive ɗina da wayar rawaya nake bugawa a kan ƙaramar mai ƙusumbi ƙirar Sony Trinitron mai inci 14, kuma ba na neman ƙari.

InjiniyaƊanGulbi:
Yaya, hujjar ruwan Sonic gaskiya ce, amma wuri ɗaya ne a cikin wasa. Sauran lokacin mutum yana kallon rubutu da fuskoki da lambobin maki, kuma wayar rawaya ta Mega Drive tana cikin mafiya muni a na'urorin zamaninta. Su kansu masu zanen a Faransa ba su da ta cewa, tunda can da wayar peritel aka sayar da ita.

TsohonƊanSega:
A Japan aka zana wasan, ba a Faransa ba, ƙanena. Amma na yarda cewa a kan inci 43 hujjata ba ta tsayawa.

ƊanJibiyaDaMaradi:
Akwai abin da ya kamata mai tambaya ya duba tun kafin waya, wato asalin ƙasar na'urorinsa, domin mu nan kayanmu daga ko'ina suke zuwa. Na Turai PAL ne, hoto 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan kuma NTSC, hoto 60. Yawancin wasannin Mega Drive ba a daidaita su da PAL ba, don haka suna tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin 100, har kiɗan ma yana ja, ga baƙin gefe sama da ƙasan allo. Idan kuma aka haɗa na'urar NTSC da tsohuwar telen da PAL ko SECAM na Faransa kaɗai ta sani ta wayar rawaya, hoto zai fito fari da baƙi. Mutane da yawa sun kai na'ura wurin gyara a kan wannan, alhali babu abin da ya same ta. Wani amfanin RGB ke nan da ba a ambata ba, domin ba ruwansa da tsarin launin PAL ko NTSC ko SECAM, matuƙar telen tana iya bin 60 launi zai fito. A ganina, sanya wa Mega Drive ta Turai maɓallin sauyawa tsakanin 50 da 60 ya fi duk wani akwati amfani, kuma ɗan maɓalli ne da guntayen waya.

MaiGyaranTele:
Tunda an kawo maganar asalin ƙasa, bari in faɗi abin da ya fi kawo mini na'urori a mace. Wutarmu bolt 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Babbar PS2 ta Amurka tana da gidan wutarta a ciki, kuma idan aka soka ta kai tsaye a bango ba tare da taransifoma ba, ƙara ɗaya za a ji da wari. Siririyar ƙirar 70000 ita ce ke da cajar waje mai karɓar 100 zuwa 240. A karanta rubutun da ke bayan na'ura kafin a soka. Kada kuma a ara wa na'ura cajar wata don kawai bakin ya shiga, domin cajar tsohuwar na'urar Nintendo da ake kira NES wuta mai juyawa take fitarwa, kuma tana iya kashe Mega Drive ta farko. Caja marar kyau ma tana sa layuka masu yawo a hoto, waɗanda mutum zai ɗora wa waya laifinsu. Idan hoto yana rawa ko sauti yana raguwa bayan na'ura ta yi zafi, yawanci kondansatoci, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta a cikin na'ura, su ne suka bushe, abin da shekara 30 da zafin garin nan ba za su rasa yi ba. Canza su aiki ne mai araha. Amma ina roƙon kowa kada ya buɗe bayan mai ƙusumbi da kansa, domin tana aiki da wuta ta dubban bolt da yawa, kuma tana riƙe ta ko bayan an cire ta daga bango.

ƊanZariyaBiyu:
Ga masu Super Nintendo da ke karanta wannan, wayar peritel ta Turai da ta Amurka ba ɗaya ba ce ko da bakinsu iri ɗaya ne. A ƙafar da ta Amurka take fitar da siginar daidaita hoto, ta Turai wuta bolt 12 take fitarwa, kuma kuskuren waya yana iya lalata akwati mai tsada. Nintendo 64 kuwa ba ta fitar da RGB sai an buɗe ta, don haka kada mai shago ya sayar wa mutum waya da wannan alkawari.

ƊanBagalam:
Na dawo da rahoto. Na ɗauko tsohuwar telen a kan amalanke, na share ƙurar, ta tashi. Na samu wayar peritel ta PS2 a wurin wani mai tsofaffin kaya, na soka a AV1 kamar yadda Malam ya ce, sai hoton ya fito kore shar, na ɗauka na ƙona wani abu. Ashe na bar saitin da Injiniya ya koya mini ne lokacin da nake gwada sabuwar tele. Da na mayar da shi RGB sai sunayen ƴan wasa suka fito ana karanta su daga bakin ƙofa, jinkirin kuma ya ɓace. A sabuwar telen, 4:3 da yanayin wasa sun rage matsalar amma ba su kawar da ita ba, kuma ba ta da ramukan komponan. Mega Drive ɗin ta Turai ce, ban samu wayarta ba tukuna. Abin da ya rage shi ne wani zuuu da nake ji a sauti duk lokacin da allon ya yi fari.

MalaminLissafi:
Wannan ƙarar daga wayar take. Masu araha ba sa naɗe kowane sili da rigar kariya, sai siginar hoto ta riƙa tsallakawa cikin ta sauti, kuma farin allo ne ya fi ƙarfin sigina. Ko ka nemi waya mai kauri, ko ka ɗauki sautin dabam ta ramin sauti na optical da ke bayan PS2 idan kana da abin da ke karɓarsa.

InjiniyaƊanGulbi:
Ina taya ka murna, amma har yanzu telen da ka biya kuɗi mai yawa tana zaune ba ta da aiki a wannan harka, kuma mai ƙusumbin ba za ta dawwama ba tunda an daina ƙera irinta. Ni a wurinka da na fara tara kuɗin GBS ɗin da Alhaji ya ambata.

MaiGyaranTele:
Ƙanena, kawo Mega Drive ɗin shago ranar Asabar bayan la'asar. Ina da tsohon kan peritel da guntun waya mai rigar kariya, zan haɗa maka, in kuma sa maɓallin 50 da 60 da ɗan Jibiya ya yi magana. Ka taho da cajar da kake amfani da ita in auna ta.

UwarTagwaye:
Baba, idan wani ya kawo maka ƙaramar mai ƙusumbi ta sayarwa, mai inci 14 ta ishe ni, ka ajiye mini. Tagwayen sun ji labarin agwagin, sun hana ni sakat.